Injunan Baffa da Ba Su da Suna

Duk wanda ya taɓa shiga falon Baffa Injiniya a Nassarawa ya san ba a ba baƙo ruwa sai ya juya. Ka yi sallama, ka durƙusa, kana tsakiyar "ina wuni" sai ka ji an dangwara maka wani ɗan inji na tagulla a cinya, mai haƙora da mariƙi kamar injin taliya.

"Juya tukuna, gaisuwa ba ta gudu!"

Injunan nan ba sa niƙa komai, ba sa ɗinka komai. Na koyarwa ne, aikinsu kawai su nuna wa ɗalibi yadda motsi ke tafiya a cikin inji. Kwalejin da Baffa ya koyar ce ta fito da su za ta zubar, shi kuwa ya loda su a but ɗin motarsa, ya kori tangaran ɗin matarsa Hajiya daga kabad ya jera su. Yanzu suna garejina a Giginyu, domin ni ya bar wa amanar in samo musu makarantar da za ta karɓa, kuma wallahi na kasa.

A cewar Baffa, wani injiniya Bajamushe ne ya tsara irinsu tun kafin a haifi kakanmu. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai binciken wannan bawan Allah, har ya koya wa kansa Jamusanci da wani ƙamus da bangonsa ya cire. Ba ya kiran sunansa, sai dai "Mutumina". Mutumina ya ce kaza, Mutumina ba zai yarda da wannan ba. Rannan Hajiya ta gaji.

"Wai Alhaji, wannan mutumin naka yaushe zai zo ne? Shekara da shekaru ko gaisuwa bai taɓa aiko mana ba."

"Ai ya rasu, Hajiya."

"Innalillahi! Ya rasu, kuma kana zaune ba ka je ta'aziyya ba?"

Ga rowar takarda! Littafin da yake rubutawa a kan Mutumin nasa, kaf a bayan katin biki ya rubuta shi. Ba ya zuwa bikin kowa, amma in ba a kawo masa kati ba sai ya yi fushi. Da na kai masa na aurena, ni da yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, na zaci zai yi hawaye. Sai ya juya bayan katin, ya shafa, ya ɓata rai.

"Uwata, wa ya zaɓo miki wannan? Santsi gare shi, biro ba zai kama ba."

Mijina kuwa har yau bai huce ba. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa, ya sha babbar riga, Baffa ya miƙa masa wani inji, in ka juya mariƙinsa wani ƙarfe ya riƙa kai da komo.

"Kai da'ira ka juya, shi kuma a miƙe yake tafiya. Me ya jawo haka?"

Gumi ya karyo masa. Ya ce, "Ikon Allah ne, Baffa."

"Babu shakka. Amma ta wace hanya?"

Muna dariya a lokacin. Abin da ba mu lura ba shi ne, ko ɗaya daga cikin injunan nan babu rubutu a jikinsa. Da ciwo ya kwantar da shi na zo da takarda da salatif, na ce ya riƙa faɗa ina mannawa.

"A'a. In aka rubuta suna, mutum zai karanta ya wuce, ya ɗauka ya gane."

"Baffa, to in ba ka nan fa?"

"Ina zan je?"

Bai ƙara wata guda a duniya ba. An sayar da gidan, an sare darbejiyar ƙofa, yanzu bene ake ɗorawa a wurin. Ni kuwa na zaga makarantu har takalmina ya san hanya. Wannan ya ce babu wurin ajiya, wancan ya ce yanzu a kwamfuta ake nuna komai. Da ƙyar na samu wata matashiyar malamar jami'a ta biyo ni gida. Da ta gan su sai da ta dafe ƙirji. Ta ɗauki guda ta ce, "Anti, wannan me sunansa? Daga ina ya zo?"

Na jawo mata buhu biyu na katin biki. Babu lambar shafi, rabi Jamusanci ne, rabi Hausa, ga rubutun Baffa da ko shi sai ya sa tabarau biyu yake ganewa. Ta daɗe tana jujjuyawa, sannan ta ce in babu bayani, shugabanninta za su ce tarkacen ƙarfe ta kwaso. Ta yi alkawarin za ta kira. Damina biyu ke nan.

Tsatsa ta fara cin na ƙarfen. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun gano garejin, duk Asabar sai sun ƙwanƙwasa, ina korarsu, amma muryata ta fara sanyi. Haushinsa nake ji, ba zan ɓoye muku ba, tsoho mai taurin kai! Sai dai na fi jin haushin kaina. Shekara nawa yana yi mini bayani a falon nan, ni kuma ina satar kallon agogo.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Ya yafe mini amanar da ta fi ƙarfina. Ya Allah, in akwai wanda zai gane su, Ka turo shi tun ban buɗe wa masu ƙwanƙwasawar nan ƙofa ba.