Hayaƙin Motar Zayyanu

Mainasara Marini ya yi shekara talatin yana rini a Wurno, kafin atamfar kanti ta kashe karofinsu. Daga nan ya koma noman albasa a fadama. Bai taɓa riƙe sitiyari ba sai da ya haura sittin, a shekarar da zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ɗansa Zayyanu. Zayyanu ya bar wata tsohuwar mota da yake jigilar albasa da ita tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo. Bayan addu'ar arba'in dangi suka ce a sayar. Mainasara ya ce ba za a sayar ba, ya je ya koyi tuƙi a filin makaranta, mutane na kallo suna dariya.

Shekara biyu motar tana tafiya lafiya, sannan ta fara hayaƙi. Da safe idan ya tayar da ita sai salansa ta turnuƙe ƙofar gida, amma kafin ya fita gari hayaƙin ya ɗauke. Saboda haka duk lokacin da ya isa garejin Khalid a Goronyo, babu abin da za a gani.

"Baba, wane irin hayaƙi na?" in ji Khalid.

"Baƙi."

Wurin makanikai, baƙin hayaƙi na nufin fetur ya yi wa inji yawa. Khalid ya canza filogi. Wata na gaba ya wanke nozul, ya sa sabuwar matatar iska. A zuwa na uku ya goge hannu ya ce, "Baba, injin ga ya gaji. Ka bari in turo maka masu sayen ƙarfe, ka huta."

"Kai ka gaji," in ji Mainasara. "Ita ba ta ce mani komi ba."

A gida ma 'yarsa Suwaiba ta goyi bayan Khalid. Ta ce riƙe mota ba zai dawo da kowa ba. Ya ce ya sani, ai shi ya sa gawar a rami da hannunsa.

Wani direba ya kwatanta masa Almustapha a Rabah, makanike mai yawan tambaya. Almustapha bai buɗe bonet ba. Ya sa yatsa a bakin salansa, ya murza, ya shinshina. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai, ya ga ya sauka ƙwarai.

"Baba, ka ce baƙi. Baƙi kamar mi? Kamar gindin tukunya?"

"Wane gindin tukunya? Kamar zanen da anka tsoma cikin ruwan baba har ya kama."

Almustapha ya dube shi. "Sana'arka mi ta da?"

"Rini."

"To, ka bar ta nan ta huce. Gobe da hantsi ka zo mu tashe ta tare."

Washegari Mainasara ya murza makulli, Almustapha na tsugune a baya. Hayaƙi ya fito da kauri, yana ƙaurin mai.

"Baba, wanga ai shuɗi na."

"Shuɗi shi na wanda anka tsoma sau guda, aikin ragon marini. In ya yi kauri haka, baƙi muka ce mai tun ba a haife ka ba."

"Can karofi ke nan. Nan gareji baƙi fetur na, fari ruwa na, shuɗi kau baƙin mai na ka ƙonewa. Wata ukku ana yi ma motar ga maganin ciwon da ba ta da shi."

Ya bayyana masa a hankali. A saman inji akwai ƙananan robobi da ke hana baƙin mai ya bi bawul ya zuba ciki. Sun bushe sun tsage. Idan mota ta kwana, mai na ɗiga kaɗan-kaɗan ya taru, da safe ya ƙone gaba ɗaya, shi ya sa hayaƙin ba ya daɗewa. Da zoben fistin ne ya ci, da tana hayaƙi duk tsawon hanya. Babu buƙatar sauke inji.

Aikin ya ɗauki yini ɗaya. Mainasara ya zauna a kan benci har aka gama, ya karɓi tsofaffin robobin guda takwas ya zuba a aljihu.

Kwana biyu bayan haka, mai sayen ƙarfen da Khalid ya turo ya iso Wurno da safe, ya tarar ana loda buhunan albasa. Ya yi sallama, ya fara zagaya motar yana ƙwanƙwasa ƙofofi.

"Ɗauke hannunka," in ji Mainasara. "Koma baya ka tsaya daidai salansa."

Mutumin ya koma. Mainasara ya tayar da ita, ya taka totur sau uku. Suwaiba na tsaye a bakin zaure. Babu abin da ya fito daga salansa sai ƙara.

Mainasara ya leƙo ta taga. "Ka gani da idonka. In Goronyo za ka koma, shigo gaba in kai ka. Motar Zayyanu dai ba ta hawa sikeli ina raye."