Kunnensa na Hagu

Aikina a New York kula da tsofaffi ne a gidajensu: wanka, magani, abinci, canjin zanen gado. Na daɗe ina yi har na daina jin komai. Tsoho ya mutu, kamfani ya tura ni wani gida, in rataya jakata in tafi.

Haka aka tura ni wajen wata tsohuwa 'yar Rasha a Brighton Beach. Daga unguwarmu ta Tremont nake shiga jirgin ƙasa, in yi gyangyaɗi, in farka a bakin teku. Ita kaɗai take zaune a gidan da 'yarta ta kama mata. Turancinta guntu-guntu ne, nawa ma ba wani na a-zo-a-gani ba, amma mukan fahimci juna. Mama nake ce mata.

Kullum ina idar da sallar azahar za ta nuna mini talabijin. Lokacin dare ya yi a ƙasarsu, ana sa wani shiri. Wani mutum ne cikin baƙar kwat, fuska jawur, yana dukan tebur yana nuna mutane da yatsa. Ranar farko na ƙara murya don in kyauta mata, ta make mini hannu ta kashe sautin.

"Ban da magana," in ji ta. "Ɗana ne."

A hankali na ji labarinsa. Yana yaro i'ina gare shi, yara na yi masa dariya, sai ya lafe a ɗaki da littattafan tarihi. Da tsohuwar gwamnatinsu ta rushe, masana'antar da ubansa ke aiki ta rufe, uban ya kama giya har ta kai shi ƙasa. Shi kuma ya fara rubutu a jarida, daga nan rediyo, daga nan talabijin. Maganarsa ɗaya ce: Rasha ta fi kowa, duniya na yi mata hassada, duk wanda ya bar ta maci amana ne. I'inar ta tafi, suna ya zo. Da Mama ta biyo 'yarta Amurka neman maganin ciwon zuciya, ya ce mata a waya ba shi da uwa a ƙasar abokan gaba. Bai sake kira ba.

Don haka kallonsa kawai take yi. "Ya rame." "Dubi wuyan rigar nan, wa ya goge masa?" Amma abin da take jira daban ne. Ta ce tun yana ƙarami, in abu ya taɓa masa zuciya ya kasa faɗa, sai ya ja kunnensa na hagu. Ranar zagayowar haihuwarta ta zuba masa ido har shirin ya ƙare.

"Bai ja ba," ta ce. "Lafiyarsa ƙalau ke nan."

Abokiyar zamana, 'yar zangon Kumasi, ta sha yi mini tsiya. "Yaya, mutumin da ke zagin baƙi irinmu, ke ce mai kunna *show* ɗinsa? Ni da tuni na yi *quit*." Na ce mata ni maɓalli kawai nake dannawa. Gaskiyar ke nan, ban tsane shi ba, ban kuma ji tausayinsa ba.

Da jikin Mama ya yi tsanani, ta riƙe hannuna ta ce, "In na tafi, ki kalle shi. Ki duba kunnen." Na ce to, irin to ɗin da nake ce wa kowane tsoho.

Ta rasu da safe, ina shafa mata mai a ƙafa. 'Yarta ta aika wa ɗan'uwan nata saƙo, an ga ya buɗe, bai amsa ba. Washegari na koma kwashe kayana. Al'adarsu ce in an yi mutuwa a lulluɓe madubai da zane, 'yar ta haɗa har da talabijin. Tana kicin tana waya. Na yi sallata, lokaci ya yi, na ɗage zanen na kunna, ba sauti.

Ga shi nan, kwat ɗin nan, tebur ɗin nan. Na tsaya ina kallon kunnen mutumin da ban taɓa jin muryarsa sosai ba. Can wajen ƙarshe ya ɗaga hannun hagu ya kai kunne. Gabana ya faɗi, abin da na manta rabon da ya same ni. Sai ya tura ɗan abin sauraron da ke maƙale a kunnen, ya gyaɗa wa wani kai, ya koma dukan tebur.

Na kashe, na mayar da zanen. Ashe 'yar tana tsaye a bayana.

"Ya ja?" ta tambaya.

"Ya taɓa kunnen," na ce.

Ta zauna a kujerar Mama ta rufe fuska. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban kawo maganar abin sauraron ba.