Sunana a Cikin Kogon Batu

Ranar wata Lahadi ce a ƙarshen watan Janairu, shekarar da na shiga aji uku na firamare, na tsinci kaina a tsakiyar kogon Batu da ke gefen birnin Kuala Lumpur, riƙe da gefen mayafin wata mata da ban taɓa gani ba. Mayafin ruwan ɗorawa ne, irin na Umma sak, shi ya sa nake ta binsa. Da matar ta waiwayo na ga jan ɗigo a goshinta da ɗan tulun madara a kanta, nan take na saki mayafin. Na duba nan, na duba can, ashe kusan kowa a wurin ruwan ɗorawa ya sa, maza da mata, saboda bikin ibadar Indiyawa ya ƙarato. Babu Umma, babu alamarta.

A lokacin muna zaune a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, a saman wani tsohon dogon bene, Abba yana karatun digirinsa na uku. Ni ce 'yar fari, don haka ni ce mai kwashe shanya daga baranda kafin ruwan la'asar ya sauko, ni ce mai zuwa kedai, wato ɗan shagon da ke ƙasan benen, sayo ƙwai da madarar kwakwa, ni ce kuma mai jijjiga ƙanwata Khadija idan Umma ta shiga kicin. Da na samu sarari sai in zare jiki in tafi wurin 'ya'yan maƙwabta, Malayu da Indiyawa, mu yi tsallen igiyar roba ko 'yar carafke da ƙananan ƙunshin shinkafa. Magariba na yi za ka ji iyaye mata ta taga suna kiran 'ya'yansu da suna, har da jan murya ta shagwaɓa. Ni kuwa ban taɓa jin sunana Safiyya a bakin Umma ba. "Ke!" take ce mini, ko ta aiko ƙanena: "Nura, je ka ce wa yayarka ta zo." Ranar da na tambaye ta dalili, harara na sha, ta ce, "Ji min yarinya da rashin ta-ido!" A Kano kowa ya san kunyar ɗan fari, amma a Setapak wa zai gaya mini? Ni dai na yanke a raina cewa ta fi son su Nura, abin kuma yana cina ƙwarai.

Gwaggo Asabe, yayar Abba, ita ta jawo tafiyar. Ta zo daga Kano sarin mayafai a kasuwar Masjid India, kuma mace ce da fim ɗin Indiya ya shiga jininta, ta rantse ba za ta koma ba sai ta ga wurin ibadarsu da idonta. Umma ta ce, "Yaya, gidan gumaka da ƙananan yara?" Gwaggo ta ce, "Kallo za mu yi, ba sujada ba." Umma ba ta iya musu da yayar miji, Abba kuma yana makaranta, haka muka kama hanya. Mun wuce wani ƙaton gunki mai ruwan zinare da sai ka ɗaga kai har wuyanka ya sage, muka fara hawan matakalar da ba ta ƙarewa, Khadija a bayan Umma, Nura a hannunta, ni kuma aka ce, "Ke, riƙe mayafina." Birai sun jeru a gefe suna ƙare mana kallo. Muna isa bakin kogon Gwaggo ta zube tana haki, ko magana ta kasa, sai da hannu ta nuna a bar mata Nura mu shiga mu dawo. Ba mu yi nisa ba wani ɗan banzan biri ya diro ya fizge ledar ayabar da ke hannuna. Na ƙwalla ƙara na rufe fuska da hannu biyu, daidai lokacin da wasu masu ganguna suka ratsa tsakaninmu. Da na buɗe ido na cafki ruwan ɗorawar da ya fi kusa da ni.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kogon ya yi tsawon da ba a ganin rufinsa sosai, ruwa na ɗiga daga sama, hayaƙin turare ya cika ko'ina, ana kaɗa ƙararrawa, ga gumaka masu hannuwa da yawa suna kallona daga lunguna. Duk labaran satar yara da na taɓa ji suka dawo mini. Ina cikin zagaye kamar kazar da aka yanka, wata tsohuwa Ba'indiya da ke zaune tana saƙa furanni a zare ta kamo hannuna. Na yi ƙoƙarin fizgewa, ta riƙe gam, ta zaunar da ni kusa da kwandonta. Da Malayanci ta tambayi sunana, na faɗa mata. Ta ce, "Zauna nan, kar ki motsa. Yaron da ya ɓace in yana yawo ba a samunsa. Yanzu mamanki za ta kira sunanki, sai mu ji."

Sai a nan na fashe da kuka na gaske. Na ce mata, "Ba ta kiran sunana." Tsohuwar ta yi dariya ta shafa kaina, a zatonta shirmen yara ne. Ni kuwa na san abin da na sani. Umma za ta ce "ke", to wa zai ji "ke" a cikin wannan ganguna? Ga Gwaggo a bakin kogo, wadda a gabanta ko kallona Umma ba ta cika yi ba. Na zauna ina kallon ƙafafun mutane marasa takalmi suna wucewa, ina tunanin za su sauka su hau mota su bar ni, in zama 'yar tsohuwar nan mai furanni.

Can sai na ji. "Safiyya!" Da farko ban gane muryar ba, don ta dushe, ta tsage, ba irin wadda na sani ba. "Safiyyaaa!" Duwatsun kogon suka ɗauka suka maimaita, tattabaru suka tashi, mutane suka juya. Tsohuwar ta miƙe ta ɗaga hannuna sama tana kiran, "Ga ta! Ga ta!" Umma ta kutso cikin mutane, mayafi ya zame, ƙafa ɗaya babu takalmi, Khadija na tsala ihu a bayanta. Ba ta rungume ni ba. Ranƙwashi ta sakar mini a ka, ta durƙusa har ƙasa ta yi wa tsohuwar godiya da Hausa zalla, ita kuma tana amsawa da nata yaren. Sannan ta damƙi wuyan hannuna, ba ta sake ni ba har muka sauka. A mota Umma ta sunkuyar da kai don kunya. Gwaggo, wadda ba ta barin abin tsokana ya wuce ta, ta leƙa taga ta ce, "Ni dai ban ji komai ba."

Yanzu ina aiki a Kuala Lumpur, su Umma sun daɗe da komawa Kano. An yi wa matakalar nan fenti kala-kala, jirgin ƙasa yana sauke mutum a bakin wurin, masu ɗaukar hoto sun fi masu ibada yawa a wasu ranakun. Ni ma na haifi 'yar fari, ina kiran sunanta safe da yamma ba ko nauyin baki, Umma na cewa 'ya'yan zamani ba mu da kunya. In na buga mata waya har gobe "Ke ce?" take cewa, wani lokacin in ji kamar in roƙe ta ta faɗi sunana, sai in fasa. Sau ɗaya ta kira ni da shi, kuma ya ishe ni.