Bijimin Ba'indiye

Na yi shekaru ina tuƙa wani dattijo Ba'indiye mai sayar da atamfa. Hanyarmu ɗaya ce: mu taso daga Kano, mu tsaya Jibiya, mu tsallaka Maraɗi. Ni ɗan Magama ne, don haka in mun iso iyaka, gida na zo. Ya daɗe a ƙasar nan, yana jin Hausa sosai, harshen ne kawai bai miƙe ba.

Addininsa Jain ake ce masa. Ban taɓa jin sunan ba sai a bakinsa. Ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, har albasa da dankali ba ya taɓawa, wai tono su yana kashe ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Ruwa sai ya tace da farin ƙyalle. Rana na faɗuwa ya gama cin abinci sai gobe. Sauro ya sauka a hannunsa, hura masa iska yake yi. Da farko dariya nake yi a ɓoye. Daga baya na daina, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko a gaban 'yan duwan, wato kwastan na iyaka, inda kowa ke rage kayansa da baki.

Wata ranar kasuwa muna layi a shingen iyaka, aka sauke wani jan bijimi daga motar shanu da ta fito daga Nijar. Ya karye a ƙafar baya. Mahauta har sun kewaye shi, ɗaya yana wasa wuƙa. Dattijo ya buɗe mota ya fita.

"Tambaye su, nawa za su bar shi?"

"Baba, ai ba ka cin nama," na ce.

"Shi ya sa."

Ya biya bai yi ciniki ba. Aka ɗora bijimin a amalanke zuwa gidanmu, aka kira mai ɗori. A tsakar gida dattijo ya dube ni ya ce, "Ba don noma ba ne, ba don kasuwa ba. Ya ci, ya sha, ya tsufa, ya mutu da kansa. A garinmu akwai gidajen da ake ajiye irinsu. Ka karɓa?"

Na ce na karɓa. Yayana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya dafa ƙirji ya ce, "Amana ce, Baba, tsakaninmu da Allah."

Bijimin ya warke, sai ɗan ɗingishi. Duk zuwanmu dattijo na kawo buhun dusa da harawa, ya zauna kusa da turke yana kore masa ƙuda da gefen riga. Mutanen unguwa suka mai da ni abin tsokana, wai ina yi wa nama gadi. Har na tambayi limaminmu. Ya ce yanka halal ne, ba shakka, amma alkawari ba ya duba addinin wanda aka yi wa. Ni kuwa na shaƙu da dabbar. Bijimin ya san ƙarar motarmu. Kafin in kashe ta zan ji kukansa.

Sai aka rufe iyaka muna Maraɗi. Muka daɗe a can. Ranar da aka bar mu muka wuce, na sauke dattijo a masaukinsa na Jibiya, na koma gida bayan azahar da yunwa. Matar yaya ta kawo mini tuwo, miyar cike da tsoka. Na ci na ƙoshi, na yi godiya. Sannan na tuna ban ji kuka ba. Na zagaya baya. Turke na nan, igiya a naɗe a kansa.

Na sami yaya a zaure.

"Yaya, ina bijimin?"

"Zamna tukuna."

"Ina yake?"

"Jiya mahauta sunka tafi da shi," ya ce, bai ko dube ni ba. "Dabba ce fa. Ta yi ƙiba tana cin banza. Ba'indiye zai koya muna addini? Ka ce mishi maciji ya sare shi."

Jiya. Wato jin za a buɗe hanya ne ya sa ya yi sauri.

"Naman da na ci yanzu fa?"

Matarsa, da ke laɓe a bakin ƙofa, ta koma ciki. Na sha cin nama a rayuwata, kuma ina ci har yau. Amma ranar nan bayan gida na nufa, na yi ta amai sai da cikina ya zama wayam.

Ban yi maganar maciji ba. Na faɗa wa dattijo yadda aka yi. Ya ce, "Ya sha wahala?" Na ce ban sani ba. Ranar bai ci komai ba, bai kuma faɗi kalma ɗaya a kan yaya ba.

Ƙarshen damina mabiya addininsa suna da wata rana da kowa ke neman gafarar kowa. Da ranar ta zo, dattijo ya ce in kai shi Magama. Ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya haɗa tafukansa a gaban yaya, ya ce, "Na ajiye a gidanka abin da ya fi ƙarfin zuciyarka. Ka yafe mini."

Yaya ya ce ba komai. Muna juya mota na hango shi ta madubi, ya nufi majalisar abokansa yana kwaikwayon haɗa hannun, suna ta ƙyaƙyatawa.

A watan na kwashe iyalina muka kama haya a Jibiya. Mahaifiyarmu ta aiko a yi sulhu, ta ce kan dabba ba a raba zumunta. Na je na durƙusa na gaishe ta, na ce mata ba dabbar ba ce. Yaya bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Muna haɗuwa a jana'iza da suna, in miƙa masa hannu, in tambayi yara, in wuce.