Ƙyauren Ɗakin Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ji wani abu sai ta faɗa wa wanda ke kusa, in ba kowa ta faɗa wa kaza. “Wancan” take ce mini. Haka muka saba, abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da na ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Gidan Sori na kawo ta gidana a Cadawa, inda nake koyarwa a lakol, wato makarantar boko.

Ciwon ƙafa ne ya matsa mata, ga shi gidan ƙauye ba kowa sai ita da kajinta. Ni so nake ta zauna wurina ke nan. Ita kuwa tun ranar da ta sauka ta shaida wa matata cewa baƙunta ta zo, kajin ma aron riƙo ta ba maƙwabciya, kafin shuka za ta koma. Ƙullin kayanta ta ƙi kwancewa, ta tura shi gindin gado. Ba ni da bakin roƙonta, don in na tsaya gabanta ma juya fuska take yi. Sai na ce bari in roƙe ta da ɗaki. Ɗakin da muka ba ta ƙyaurensa ya sunkuya yana jan ƙasa, indararo ya tsage, ƙafar gado guda a kan tubali take. Na aika a kira mini mai gyaran unguwarmu.

Mutum ne gajere mai furfura a gemu, kullum bisa wani tsohon keke da buhun kayan aiki ɗaure a baya: guduma, zarto, lanƙwasassun ƙusoshi da yake miƙewa a kan dutse. Ba abin da bai iya ba, in ka ji daga bakinsa. Gini nasa ne, kafinta shi ne, har rediyo yana buɗewa, rufewar ce dai sai Allah. Yakan ce kakansa magini ne da ya zo daga wajen Katsina, kuma duk soron da ya tsaya a garin nan da hannun gidansu a ciki. Aibinsa ɗaya, duk Cadawa ta sani: yana da saurin farawa, ba ya gamawa.

Ranar farko ya liƙe indararo, ya sa wa gado ƙafa, ta fi sauran tsawo, ya rage ta, ta koma gajeriya, tubali ya dawo wurinsa. Inna na zaune a tabarma tana kallo, sai na ji abin da na daɗe ban ji ba, tana dariya har da tafa hannu. Ta ce masa ko kafinta ne shi ko mai aski. Ya ce ai gadon ne ya saba da tubalinsa, raba su zalunci ne. Kafin la'asar sun zama abokan hira, ta san gonarsa, ya san kajinta ɗaya bayan ɗaya. Ni da na kira shi ina gefe kamar baƙo, kishi ma ya ɗan kama ni.

Washegari ya cire ƙyauren, ya kwantar da shi a tsakar gida, ya ce zai rage gindinsa ya sake masa ƙarfen riƙo. Yana cikin fiƙe fensir hadari ya taso daga gabas. Ruwan fari ne, mai yawa. Duk wanda ya zauna a ƙasarmu ya san abin da ke biyo baya: da ƙasa ta jiƙa, tela ya bar keke, mahauci ya bar wuƙa, kowa ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri. Mai gyarana ko sallama bai yi ba. Zartonsa ma a kan ƙyauren ya bari.

Muka rataya wa Inna asabari a bakin ƙofa. Shuka ta wuce, mai gyara bai dawo ba. Na aika, aka ce yana gona. Na sake aikawa, aka ce noman fari ya kama shi. Raina ya ɓaci matuƙa, don a ganina tsohuwa da ke neman dalilin tafiya, ga shi na ba ta ɗaki ba ƙyaure. Ranar kasuwa na ritsa shi wurin masu tsire, na zazzage masa duk abin da ke cikina a gaban mutane. Ya goge hannu ya hau kekensa.

Da na dawo gida ina huci, matata ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in zauna. Ta ce tun ranar ruwan fari Inna ta so tafiya, har ta sa a nemo mata mai babur. Abin da ya tsayar da ita ƙyauren nan ne. Wai Inna ta ce ba za ta bar gida ƙofa a buɗe ba, sai ta ga an kafa shi da idonta, don wancan sanyin hali gare shi, in ba ta tsaya ba haka za a bar masa aiki. Ashe duk kwanakin da nake zagin mai gyara, shi ke riƙe mini da uwata.

Da sassafe sai ga ƙarar keke. Ya shigo fuska a ɗaure, ya gaida Inna, ni kuwa ya ce mini “Mushe” a taƙaice, yadda ake kiran malaman lakol. Na ce ya zauna a dafa shayi, ya ce ya sha. Na sa aka dama fura, ya ce sai ya gama. Na tambaye shi lafiyar gero, na ce ai aikin ba na gaggawa ba ne, ya koma gona abinsa sai bayan kaka. Ya dube ni ya ce, “Jiya ka hwaɗa mani gaban jama'a ban gama aiki. Yau kau sai ka gani.”

Ban taɓa ganin mutumin nan ya yi aiki irin na ranar ba. Zarto bai karkace ba, ƙusa ba ta lanƙwashe ba. Ina tsaye ina addu'ar guduma ta karye, ta ƙi. Kafin azahar ƙyaure ya hau, yana buɗewa yana rufewa ba ko ƙara. Ya kaɗe hannu yana jiran yabo, ni kuwa kamar in yi kuka.

Inna ta taso da sandarta. Ta tura ƙyauren, ta jawo, ta sa sakata ta zare. Ta leƙa gindin gado inda ƙullinta yake. Sannan ta fito, ta bi jikin katanga a hankali har kusurwar da ke bayan ɗakin, ta buga sandarta a ƙasa. Ta juya mini baya kamar kullum, ta ce wa mai gyara:

“Ɗan nan, hwaɗa ma wancan, nan nika son akurki. Kajina sun daɗe hannun mutane. Shi aika amalanke a kawo su.”

Mai gyara ya juyo ya maimaita mini kalma bayan kalma, kamar ba a gabana aka faɗa ba. Na ce ya gaya mata na ji. Murna ta cika ni, sai na shige ɗaki don kada a ga idona.

Akurkin ya fara shi a ranar, da zafinsa. Kaji suka iso, suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe, rufin bai hau ba. Inna takan zauna bakin ƙofarta tana mita, tana cewa ba inda za ta sai ta ga ƙarshen aikin nan. Har yau in na haɗu da shi a kasuwa ni ke saya masa tsire, kuma ban taɓa tambayarsa yaushe zai zo ya gama ba.