Jarkokin da Na Kankare wa Takarda

A duk Yola, daga Alkalawa har gonakin Mbamba, ba a yi mai feshin maganin ciyawa da ya kai ni ba, kuma ban ga alamar za a yi ba. Ni ne mutumin da in na yi tari a bakin gona, ciyawar harƙiya take fara barin wasiyya. Hannuna kuwa ma'auni ne. Ina tsiyaya magani daga jarka zuwa gwangwanin madara ina tafiya ina ba da labari, ɗigo ɗaya bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. Na sha faɗa a teburin mai shayi cewa da boko na yi, ni za a riƙa kira in yi wa sauro tiyata.

Har yanzu ina faɗin haka, in na samu baƙon da bai san yayana ba.

Uba ɗaya muke da shi, Hamma nake ce masa, yadda muke kiran wa a gidanmu. Tela ne. Shagonsa yana can arewacin jiha, wajen Mubi, inda ya shekara ashirin yana wa manyan riguna aiki a wuya, irin aikin da sai ka matso kusa kafin ka yarda hannu ne ya yi. Shekarar da masu bindiga suka shiga garuruwan can, ya bar keken ɗinkinsa da rigar wani a ƙarƙashin allura, ya bi daji da matarsa da 'ya'yansa. Ranar da suka iso gidana a Alkalawa ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Na ba su ɗakuna biyu. Matarsa, wadda nake kira Adda, ta shiga girki tare da tawa, yara suka shiga makaranta, shi kuma ya zauna a zaure yana kallon tafin hannunsa.

Wata biyu yana wannan zama. Wata safiya ina ɗaura famfon feshi a baya ya ce, “Ka ba ni abin yi, ko da ɗaukar ruwa ne.”

Ina da famfo biyu. Sabon na riƙe, tsohon na ba shi. Tsohon yana yoyo ta wajen murfi, na sani, na naɗe shi da leda na ce masa ai wannan sanyaya baya yake yi, kyauta. Ya yi dariya. A lokacin ina jin na yi aikin lada.

Abu uku na koya masa a ranar farko, a wata gonar masara a Mbamba, kuma ina tuna yadda na tsaya na riƙe ƙugu kamar malamin jami'a. Na ɗaya, in za ka gauraya magani da ruwa a bokiti, ka naɗe hannun riga ka sa hannunka, domin sanda ba ta jin kaurin magani. Na biyu, in bakin famfo ya toshe, kada ka ɓata lokacin neman tsinke, ka kwance shi ka hura da bakinka. Na uku, in an tashi aiki ka sha kindirmo ƙwarya guda, yana wanke duk abin da ya shiga ciki. Haka aka koya min, haka kowa yake yi. Matan da ke kawo nono sun san lokacin tashinmu fiye da mu. Takunkumin hanci da safar hannu kuwa na ce masa na masu tsoro ne, kuma gaskiya a zafin Yola mutum ba ya iya numfashi a ciki.

Akwai na huɗu, wanda ban koya wa kowa ba sai shi. Ni ba magani ɗaya nake fesawa ba, haɗi nake yi na kala uku. Manoma kuwa akwai ido. Mutum zai kawo maka ruwan sha yana maka sannu, alhali jarkarka yake karantawa, baɗi ya je kasuwar Jimeta ya sayo da kansa. Saboda haka duk jarkar da na sayo, kafin ta kwana a gidana, sai na jiƙa takardar jikinta na kankare da wuƙa. Da Hamma ya zo, shi ya karɓi wannan aiki. Yatsun tela ne, yana ɗaga takardar gaba ɗaya ba ta yage, ya miƙa wa Adda ta hura wuta da ita. Ni ina gefe ina cewa ko 'yan sandan ciki ba za su gano asirina ba.

Damina bakwai muka yi tare. Mutane suka fara komawa garuruwansu, shi bai koma ba, an ce masa shagon babu ko ƙofa. Kullum da yamma in ya cire riga, bayansa ja ne kamar an zuba masa ruwan zafi. Adda ta riƙa shafa masa man kaɗanya. Ban canza famfon ba sai a damina ta huɗu.

Abin ya fara ne kamar abin yabo. A masallacin Juma'a wani dattijo ya taɓa ni ya ce, “Yayan nan naka ya yi nisa, dubi, ko babu carbi yatsunsa suna ja.” Na duba. Hannunsa na hagu yana kan gwiwa, babban yatsa yana murza manuni a hankali, ba tsayawa. A hanyar gida na ce masa in ya zama waliyyi ya tuna da wanda ya ba shi masauki. Sai ya sa hannun a aljihu.

A shekarar ce ya samu ya sayi keken ɗinki, tsoho, daga wani tela da ya rasu. Muka ɗauko shi tare. Ya zauna, ya goge shi, ya sa mai, ya ɗauko zare. Na tsaya a kansa ina surutu har na gama labari biyu, zaren bai shiga allura ba. Ya ajiye. Keken yana nan a zaure har yau, Adda ta rufe shi da tsohon zani.

Daga nan tafiyarsa ta koma gajere-gajere, kamar mai tsoron taka wani abu. Murya ta yi ƙasa. Fuskar ma ta tsaya, ka ba shi labarin da zai kayar da mutum daga benci ya dube ka kamar hoto. Wannan ya fi komai yi min ciwo, domin tun muna yara shi ne farkon mai yi min dariya. 'Yan uwa suka ce sammu ne, wasu suka ce firgicin gudun da ya yi ne ya sauka a jijiya. Da muka je asibiti, likita ya sa shi ya yi tafiya, ya sa shi ya zana da'ira, sannan ya tambaye shi sana'arsa. Hamma ya ce tela. Likita ya ce bayan ita fa? Da ya ji feshi sai ya ɗaga kai ya dube mu duka biyu, ya daɗe yana rubutu. Ya ce cutar karkarwa ce, ana rage ta, ba a warkar da ita. Ya ce ba zai rantse maganin ciyawa ne ya kawo ta ba, amma ba Hamma ne mai feshi na farko da ya zauna a kujerar nan ba.

Ɗakina da nasa bango ɗaya ne. Kowace safiya ina jin cokali yana bugun kofin shayinsa, ƙis-ƙis-ƙis, har Adda ta karɓa. Yanzu ko a kasuwa wani ya motsa shayi sai na waiwaya. Ranar da ban ji ƙarar ba kuma sai in kasa karyawa, sai na leƙa.

Bara muka ji a rediyo cewa a ƙasashen waje manoma masu irin wannan cuta sun kai masu yin wani maganin ciyawa kotu. Ba a daɗe ba aka ce wata lauya a Karewa, cikin Jimeta, tana tara sunayen masu feshi, za ta shigar da ƙara a kan masu shigo da shi. Ni na matsa mu je. Na ce wa Hamma za a ba shi diyyar da sai an kira tirela. Abin da ban faɗa ba shi ne, ni ma akwai abin da nake nema a wurin. In kotu ta rubuta cewa kamfani ne ya yi wa Hamma haka, to ba ni ba ne.

An ce a zo da takardar likita da jarkar maganin. Adda ta zagaya gida ta samo uku: ɗaya da kananzir a ciki, ɗaya an yanke ta kaji suna shan ruwa, ɗaya kuma a bayan gida. Ta wanke, ta sa mana a buhu.

A barandar ofishin mun tarar da mutum kamar goma a benci. Wasu na san su, mun sha haɗuwa a layin mai nono. Wannan ya zauna a kan hannunsa, wancan ya riƙe wuyan hannu da ɗayan, wani ya cusa nasa a hammata. Na yi sallama na ce ashe taron makaɗa ake yi ba a gayyace ni ba. Ba wanda ya ɗaga kai. Na samu gefe na zauna.

Lauyar matashiya ce, 'yar wajen Numan, da ƙaramin gicciye a wuya. Ta ba Hamma kujera mai hannu, ta karanta takardar likita, ta ce, “Wannan ya yi, Baba.” Sannan ta buɗe buhu. Ta juya jarka ta farko, ta juya ta biyu, ta ɗaga ta uku wajen taga.

“Ina takardun jikinsu?”

Na ce, “Barista, bar takarda, ga ni. Mutumin nan ya fesa abin da ya fi jarka dubu a gabana. In aka tara abin da ya zuba a bayansa, kwalekwale zai bi ta kai.”

Ta ajiye biro. “Baba, sun faɗa min kai mai ban dariya ne. Amma lauyoyin kamfani da za su zo, ƙarya ɗaya suke nema a bakinka. In sun samu, ba yayanka kaɗai ba, duk mutanen da ke waje sun faɗi. Jarka nawa?”

Na ce ban sani ba.

“Menene sunan maganin?”

Na ce ɗaya kore ne mai wari, murfinsa ja. Ɗaya kamar ruwan shayi. Na ukun yana canzawa, abin da na samu. Ni da murfi da wari nake gane su, Turancin jiki ban taɓa damuwa da shi ba. Ta ce masu murfi ja sun kai kala nawa a kasuwa, kamfani daban-daban, kuma ƙarar a kan sinadari ɗaya ce. Ta tambayi rasit, na ce wa yake karɓar rasit a wajen mutumin da kuke cin goro tare. Ta tambayi mai shagon da nake sayen maganin, na ce tuni ya tattara ya koma garinsu.

“To wa ya cire takardun?”

Hamma ya motsa baki. Na riga shi. Na ce ni ne, kuma na faɗa mata dalili.

Ta dube ni, ta ɗauki biro. “Yaya yake aikin? Yana sa safar hannu? Yana rufe hanci?”

Nan ne wurin da zan iya gyara labari, kuma gyaran labari shi ne abin da na fi iyawa a duniya. Na riga na ga safar a raina, baƙa, har gwiwar hannu. Amma Hamma yana gefena, hannunsa yana bugun hannun kujera, ƙis-ƙis-ƙis, kuma shi ya san launin ledar da na naɗe murfin da ita. Sai na faɗa mata hannu a bokiti, na faɗa mata hurawa da baki, na faɗa mata kindirmo, da famfon da ya yi damina uku yana yoyo. Ban taɓa ba da labari gajere haka ba, ban kuma taɓa ba da wanda ya gajiyar da ni haka ba.

Ta rubuta duka. Ta ce ba za ta yaudare mu ba. Fayil biyu take da su: na waɗanda za a iya nuna abin da suka fesa, da na waɗanda ba za a iya ba. Na farkon ma ba ta san inda za su ƙare ba, shari'a irin wannan tana cin shekaru. Sunan Hamma zai shiga na biyu. Ta ce in na tuna wani abu, ko na samo mai shagon, in dawo. Ta mayar mana da jarkokin cikin buhu, ta raka Hamma har bakin titi tana riƙe da gwiwar hannunsa.

Muka hau keke-napep daga Jimeta zuwa Yola. Mun iso bayan la'asar. Adda ta dubi buhun, ta dubi fuskata, ta karɓa ta mayar wa kaji da tasu.

Na shimfiɗa tabarma a zaure kusa da keken ɗinkin, na karɓo butar shayi na ce yau ni zan ba shi. Shirun ya yi min yawa, sai bakina ya kama aikinsa. Na ce mai shagon nan ko a ƙarƙashin teku yake sai na tono shi. Na ce zan bi kasuwar Jimeta jarka-jarka ina shinshinawa har in gano mai murfi ja, hancina ya fi na kare. Na ɗaga butar sama ina tsiyayawa cikin kofi daga nesa, yadda nake yi a bakin gona, na ce, “Dubi nan, Hamma. Shekara ashirin da wani abu ina iyo a cikin maganin nan, ko gezau. Wannan hannun ƙarfe ne.”

Ya ce wani abu ban ji ba. Na ajiye butar na kai kunnena kusa da bakinsa.

Ya ce, “Ba wannan ba, na hagun. Tun azumi nake kallon babban yatsanka in ka zauna. Ni ma da shi na fara.”