Sunan da Kakata Ta Ƙi Faɗa

Shekarun baya, lokacin matata na da cikin fari, na ɗora wa kaina wani aiki da ba wanda ya sa ni. Na ce sai na gano sunan yanka na kakana na wajen uba, in namiji aka haifa in mayar masa. Mutum da iliminsa, yana zaune a buro yana aikin ofis, a ce bai san sunan kakansa ba? To, ban sani ba. A takardun mahaifina, Allah ya jiƙansa, laƙabi aka rubuta. Kakan ya rasu wajen cin rani a wata shekarar yunwa, mahaifina yana goye, kakata ta sauko da shi daga duwatsun Adar zuwa Madawa. A gidanmu kaf, a ganina, ita kaɗai ta san sunan.

Na same ta da kayena na rubutu da alƙalami, ina jin aikin minti biyar ne. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, kunya ta ƙare maka? Ni in hwaɗi sunan mijina da bakina?"

Maigida take ce min tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika. Na ce mata mutumin nan ya fi shekara hamsin a ƙasa. Ta ce ita ba ta ji an ce mutuwa na sallamar kunya ba. Na ce to in jero sunaye, in na zo kansa ta gyaɗa kai. Ta ce ai kai ma nata ne. Na ce ta raɗa wa maƙwabciyarta. Ta tambaye ni ko maƙwabciyar ba mutum ba ce. Na tashi raina a ɓace, na ce zan nemo shi ba da ita ba.

Haka na ɗauki hutu na hau mota zuwa Buza, daga nan kabu-kabu zuwa wani ƙauye ta wajen Allakaye, inda suka zauna. Wanda bai taɓa hawa babur a duwatsun nan ba bai san yawan ƙasusuwan da ke jikinsa ba. Tsofaffin garin suka karɓe ni hannu biyu, aka dama fura, sannan suka fara labari tun daga wanda ya haƙa rijiyar farko. Kafin su iso kan kakana la'asar ta yi. Ɗaya ya ba ni suna, na biyu ya ce wannan ai na ƙanensa ne, na uku ya ce dukansu biyun ƙarya suke, suka shiga gardama suka manta da ni.

Aka tura ni Tamaske wajen wani tsoho da suka yi tafiyar cin ranin tare. Wannan kam ya san shi. Ya faɗa min launin jakinsa, da tabon da ke ƙafarsa, da yadda yake cin tuwo da zafinsa. Na gyara alƙalami na ce, sunansa fa?

"Ɗana, mu da laƙabi munka san shi. Amma ƙanwatai tana nan da rai, wajen Keita."

Na bi ta har can. Ta rungume ni ta yi kuka, ta ce hancin nan nasu ne. Da na kawo maganar suna sai ta ja mayafi ta rufe baki, wai yayanta ne da ya raine ta kamar uba, ba ta iyawa. Wallahi a wurin nan na ji kamar in yaga kayen. Kwana shida, takalmina ya tsinke, bayana ya ƙage, na cika shafi ashirin da tarihin jaki da rijiya, kalma ɗayar da na fito nema babu.

Na koma Madawa da tsakar rana, ko gida ban biya ba na wuce wajen kakata. Tana tsintar wake a faifai. Na jefar da kayen gabanta, na ce wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne, kuma in ta tafi da sunan nan kabari to ita ta shafe mutumin daga duniya. Har yau ina jin nauyin maganar nan. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Kai da kac cika karatu," ta ce a hankali, "shekarunka talatin da ɗoriya. Ka taɓa jin na kira ka da sunanka?"

Ban taɓa ji ba. Duk jikokinta tana kiransu gatsau, har da zagi. Ni kaɗai ne Maigida. Ashe ba wasa ba ne.

Na je wajen mahaifiyata ina haki, na tambaye ta ko sunan kakana gare ni. Ta ce ƙwarai, malamin da ya ɗaura wa kakannina aure shi ya raɗa min suna, shi ya sa min na mamacin. Na ce ta san haka ta bar ni na je ina karya ƙashi a duwatsu? Ta ce wa ya tambaye ta? Kuma ko na tambaya, ni ɗan fari ne, ita ma ba ta faɗi.

Bayan duk wannan, mace aka haifa. Na sa mata sunan kakata, wadda ta rasu da damina ta zagayo. Har yanzu in na tuna tafiyar nan haushi nake ji, sai dai na daina jin haushin tsofaffin. Ni na ɗauka duk abin da ba a rubuta ba ya ɓace, alhali sun adana shi inda ba ya ɓata.

Bana na kai yarinyar lakwal, makarantar boko. Malamin ya ɗaga alƙalami ya ce, "Sunanta?" Na tsaya ina kallonsa, sunan na bakina ya ƙi fita. Sai kawai na miƙa masa takardar haihuwarta.